Ranar da Inna Ta Shiga Silima a Maraɗi

Na sha jin ku, ku 'ya'yana da jikokina da kuka fi iyayenku baki, kuna cewa wai mahaifiyata ba ta ƙaunata, wai shi ya sa na gudo Maraɗi na bar gonar ubana. Ban san wanda ya fara wannan magana ba, amma ina zargin 'yata Rabi, don ita ce ta taɓa bina ƙauye tana ƙarama, ta dawo tana ba uwarta labari cewa mun yi kwana uku a gidan, tsohuwa ba ta dube ni ko sau ɗaya ba. Rabi ba ta yi ƙarya ba, ba ta dube ni ba ɗin. Sai dai ta ga abu ne ba ta san ko mene ne ba, ku kuma kuka ɗauka kuna yawo da shi har yau. Tun da gwiwa ta hana ni hawa gini, kuma karatun manya da na yi bai tashi a banza ba, bari in zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance, ko na huta da gyaran zance a bakin ƙofa.

Ni ne ɗan farin Inna. A ƙauyenmu, can yamma da Gidan Rumji, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa wasa, kuma wadda ta fi tsare wannan kunya ita ake yabo. Inna kuwa ta tsare ta har ta wuce kowa. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, can na tashi. Sunana Hamidu, amma a bakin Inna ni “wancan” ne, kuma duk wani Hamidu da ke garin ya koma “mai sunan wancan”, har da wanzamin da ya girme ta. In ta dafa abin da ta san ina so, sai ta ba ƙanena Sani ya kawo mini, ta ce ragowa ce. In na shigo tsakar gida sai ta tuna akwai abin da ta bari a ɗaki. Abin da aka san ta da shi a garin shi ne daɓe. Duk ɗakin da za a kai amarya ita ake kira, ta daɓe shi, ta shafe da makuba har ya yi ƙyalli, ni kuwa ina laɓe bayan danga ina kallon yadda take jan hannu. Ban taɓa jin haushin kunyar nan ina yaro ba, don haka na ga ana yi a kowane gida. Wahalarta guda ce, sai da na girma na gane ta: ba ni da hanyar sanin ranar da Inna ke murna da ni da ranar da take fushi, don fuskar da take kawarwa guda ce.

Bayan rasuwar mahaifinmu na bi samarin garinmu cin rani Maraɗi, da niyyar in yi dakon buhunan gyaɗa in dawo kafin shuka. Ban yi sati biyu ba na tsaya kallon wani magini mutumin Dahome, sunansa Kojo, yana yaɓa siminti a bangon kanti. Na tsaya, na tsaya, har ya gaji da ni ya miƙo mini cokalin gini, ya ce in kallo nake so in yi shi da hannu. Na ja yaɓe sau biyu ya karɓe, ya dubi bango, ya dube ni, ya ce gobe in zo da sassafe. Ruwa ya sauka a shekarar nan ina kan bango. Na aika gida cewa zan zo noman farko, ban je ba. Na ce zan zo girbi, na je na yi kwana biyar na gudo. Damina ta biyu ma haka aka yi. Sani ne ya riƙe gona shi kaɗai, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ƙware shi a nan. Har ya bar duniya ina ba shi haƙuri yana ce mini in bar zancen.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da Maraɗi cike da babura ba za ku gane garin da nake faɗi ba. A lokacin sabon gari ne mai tsoffin mutane. Ruwan gulbi ya cinye tsohon garin da ke fadama, aka hau tudu, Turawa suka ja igiya suka yanka tituna miƙaƙƙu, kowane ya gitta ɗan'uwansa. Dattawan da suka saba da lunguna har a lokacin suna ɓata a hanyar gidansu, don duk kusurwa kama ɗaya ce, sai ka ga tsoho tsaye yana tambaya ina unguwar Bagalam, alhali a cikinta yake. Babban titi ne kaɗai ke da jan tsakuwa, sauran duk yashi ne mai cinye takalmi. Itatuwan dogon yaro da kuke shan inuwarsu yanzu, da yawansu ba su kai ƙuguna ba, an kewaye kowane da ƙaya saboda awaki. Daga bakin kasuwa zuwa kantunan Turawa da na Kwarori, Larabawan nan 'yan kasuwa, buhunan gyaɗa ne jibge sun fi gida tsawo, raƙuma na durƙushe, masu awo na ihu. A unguwar baƙi akwai 'yan Dahome da 'yan Togo, akawuna da teloli da kafintoci, da 'yar cocinsu mai rufin kwano, wadda ran Lahadi ake jin waƙarsu har bakin rijiya, matan unguwa na jan guga suna kwaikwayonsu ba su san me suke cewa ba. Silima kuma ba nisa da kasuwa, doguwar katanga ce ba rufi, da wani babban bango fari a ciki. In kun bi ta wurin yau, ɗakin ajiyar kaya ne, tattabaru sun cika shi. Ni kowane titi da bangon da na yaɓa a cikinsa na san shi, har yau da haka nake yi wa mutane kwatance, kuna yi mini dariya.

Shekarar da aka sami mulkin kai aiki ya yi mana yawa har muna ƙin wani. Kowa na son a shafe masa bango da farar ƙasa. Muka gyara gaban cocin nan, muka ƙara masa tsawo, ni na hau can ƙololuwa na yaɓe gindin gicciye, don Kojo ya yi nauyi, tsani na kuka in ya taka. Daga nan aka ba mu ginin wata ƙofar ado mai bakan gizo a kan babban titi, wadda manya za su bi ta ƙarƙashinta ranar biki. Ta daɗe tsaye, sai da manyan motoci suka fi ƙarfinta aka rushe ta. Ana jibi biki ina samanta ina ɗaura sabuwar tuta, sai ga wasu Turawa biyu da wani akwati mai ƙafa uku, ɗaya ya manna ido a jikinsa. Suka yi mini alama da hannu, na yi abin da suka ce, suka tafi, na manta da zancen. Sai bayan kaka, ina zaune a silima, cikin 'yan labaran da ake nunawa kafin a sa fim, na ga kaina a bango, na fi raƙumi tsawo. Daga ranar ba na ratsa kasuwa ba a kira sunana ba. An yi makonni ana maimaita labaran nan, don sababbi ba sa zuwa da wuri, ni kuma ban gaji da kallon kaina ba.

Amma ba labarin tuta ne ya isa gida ba. Wani mutumin garinmu da ya kawo gyaɗa ya taɓa ganina ranar da nake kan coci, na rungume gicciye da hannu ɗaya ina yaɓe da ɗayan. Kafin ya kai Tibiri na zama Kirista, kafin ya kai Gidan Rumji an sake mini suna, yana isa ƙauye an riga an aura mini 'yar Dahome. Wata Alhamis da la'asar na dawo daga aiki, jikina fari fat da siminti, na tarar da mata biyu zaune kan tabarmata, a ɗakin da nake haya a unguwar Mokoyo. Ɗaya Gwaggo Dije ce, ƙanwar mahaifina, mace mai muryar shela, wadda zance bai taɓa kwana a cikinta ba. Ɗayar ta ba ƙofa baya tana kallon bango. Ko ban ga fuska ba na san wannan ƙeya. Inna, wadda ba ta taɓa wuce kasuwar Gidan Rumji ba, ta hau motar gyaɗa saboda ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su. Gwaggo ta amsa mini, Inna ta amsa wa bango.

“Dije,” in ji Inna, “ki tambai wancan, da gaske na abin da munka ji?”

“Kai Hamidu, uwarka ta ce da gaske na ka zama ɗan mishan?”

“Gwaggo, ki ce mata wallahi ƙarya ta. Gini kawai niy yi musu.”

“Ya ce ƙarya ta.”

“Na ji, ni ba kurma ba ta. Ki ce mishi shi yi alwala ki diba.”

Na ɗauko buta na tsuguna a tsakar gida, da gemuna da komai, Gwaggo tsaye a kaina ta riƙe ƙugu, matan gidan haya na leƙe. Da na gama ta koma ɗaki ta kai rahoto.

“Ya iya, Abu. Har ya hi Sani wanke kunne.”

“To, alhamdu lillahi. Ki ce mishi shi ɗaure kayanshi, jibi da sahe mu tahi gida tare. Shina da gonar ubanshi, ba shi zama nan shina kwaɓa ma baƙi ƙasa.”

Na ce to. Ku yaran yanzu da kun tsaya kawo hujja, mu ba mu san wannan ba. Ku sani, da ta tashi da wannan magana a bakinta da na bi ta, da kuma babu ɗayanku da za a haifa a Maraɗi. Na bar musu ɗaki na shimfiɗa buhu a zaure, ina tunanin ɗakunan lakol, makarantar boko, da muka fara ɗagawa, waɗanda wani zai yaɓe ba ni ba. Ina son aikin nan kamar raina, kuma ba ni da bakin da zan gaya mata, tun da ko ina da shi sai ya bi ta kunnen Gwaggo.

Da safe Gwaggo ta ce ita fa ba za ta koma gida a tambaye ta abin da ta gani a birni ta ce bango ba, sai an kai ta ta ga cocin da aka ce ya cinye ɗan wanta. Muka fita, ni a gaba, Gwaggo a tsakiya, Inna a baya idonta a ƙasa. Gwaggo ba ta bar komai ya wuce ba. Ta tsaya ta yi wa mai keke faɗa don ya kaɗa mata ƙararrawa, ta taya yadi a kantin wani Kwara ba ta da niyyar saye, ta ce wanda ya yanka titunan nan manomi ne, don ya san layin shuka. Ni kuma duk bangon da muka wuce sai in ce, Gwaggo ki ce mata wannan ni na yaɓa, wancan ma ni ne. Gwaggo na juyawa tana faɗi, Inna ba ta ko ɗaga kai. Muka bi ta ƙarƙashin ƙofar ado, na rage tafiya da gangan, ta wuce kamar ƙarƙashin rumfa.

A coci muka tarar da Kojo yana shafa wa katanga farar ƙasa. Ya cire hula ya rusuna, ya gaishe su da irin Hausarsa. Gwaggo ba ta ɓata lokaci ba, ta tambaye shi ko su ne suka juya mana yaro. Kojo ya yi dariya har sai da ya zauna kan bokiti.

“Mama, wannan? Siminti na jiƙe, shi ajiye cokali, shi tafi salla. Kullum ni faɗa, kullum shi salla. Ni gaji.”

Suna cikin wannan na ga Inna ta matsa jikin bangon cocin. Ta ɗora tafin hannu ta shafa, yadda take yi wa ɗakin da ta gama daɓewa. Ta miƙa hannu iyakar tsawonta ta shafa sama, ta duƙa ta shafa ƙasa, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa tana saurare. Ta daɗe a wurin.

“Dije, ki ce mishi sama ya yi. Nan ƙasa ya yi gaggawa, bai bari ya sha ruwa ba.”

Kojo ya tashi ya je ya ƙwanƙwasa wurin, ya juyo yana kaɗa kai. Ya ce gaskiyar Mama ce, shi ma ya gaya mini ranar na ƙi ji, kuma yau ya gane inda na samo hannu. Faɗa ta yi mini, amma na ji daɗinsa har cikin ƙashina, don ranar ce ta fara cewa wani abu a kan aikina. Na ɗauka an gama, sai na ji ta ƙara da cewa gobe dai tafiya na nan.

Kojo ya gane abin da ke faruwa, ya so ya taimake ni, sai ya ƙara jiƙa mini aiki. Ya ce yaya za a ɗauke yaron da duk Maraɗi ke zuwa kallonsa a silima? A ƙauyenmu kuwa abin da aka ji game da silima shi ne matattarar 'yan iska da matan banza. Gwaggo ta tafa hannu.

“An gama da ta coci, ga ta silima! Mi kake yi cikin silima, Hamidu? Rawa?”

Na yi ta bayani, ina ƙara ɓata zance. Na ce ina ciki amma ba na nan, ni ne amma hotona ne, hoton kuma yana motsi. Ina magana ina ganin idon Gwaggo na ƙyalli, na kuwa san ta, silimar take son gani tun daga gida, hanya kawai take nema.

“Ni dai ba ni yanke ma ɗan wana hukunci da ji-ta-ji-ta,” in ji ta. “Sai na gani da idona. Ke kuma, Abu, ba ni barin ki ke ɗai ɗakin gwauro.”

“Ni? Silima? Da girmana?”

“To ki zamna, in na dawo in ba ki labari yadda nig ga dama.”

Muka ci gaba da tafiya har kusurwar titi. Sannan Inna ta ce ƙasa-ƙasa:

“Ki ce mishi shi samo muna wurin da ba mai gane mu.”

Bayan sallar isha muka tafi. Su biyun sun ja zane sun rufe kai, hanci kaɗai ke waje. Na sama mana benci can gefe jikin katanga, Gwaggo a tsakiya kamar kullum. Wuri ya cika, masu dako da 'yan kasuwa da sojoji, ƙanshin tsire da hayaƙin taba, masu gyaɗa na ratsa mutane, sama kuma taurari, tun da ba rufi. Inna na ta istigfari a cikin zane. Da haske ya fito ta saman kawunanmu ya faɗa kan farin bango, Gwaggo ta damƙe mini cinya ta ce “La ilaha!”, har na gabanmu suka waiwayo. Aka fara nuna Yamai, sojoji na tafiya a jere, manya na gaisawa. Sai ga kasuwar Maraɗi, wuri ya ɗauki ihu, kowa na nuna rumfarsa da surukinsa, ko da yake sun sha gani. Sai ga babban titi, sai ga ƙofar ado, hoto ya fara hawa sama a hankali.

“Ga Hamidu! Hamidu magini!”

Ga ni tsaye kan katako guda a ƙololuwar ƙofa, tuta a hannu ɗaya, cokalin gini a ɗayan, na ɗaga su duka biyu sama, ina dariya haƙora duk a waje. Hoton ya matso har fuskata ta cika bango. Ni ranar ban kalli bango ba, na sunkuya na leƙa ta gaban Gwaggo. Zane ya zame daga kan Inna ya sauka kafaɗa ba ta sani ba. Bakinta a ɗan buɗe, haske na wasa a fuskarta, tana kallon fuskata kai tsaye, ba ƙiftawa, abin da ba ta yi ba tun ina cikin zanen goyo. Nan ba tsakar gida ba ne, ba surukai, ba maƙwabta, kuma wanda take kallo ba zai kama ta tana kallonsa ba. Sai wani dogon mutum da ke gabanta, mai ƙatuwar malafa, ya miƙe tsaye yana tafi. Ban san Inna na da saurin hannu haka ba. Ta ɗaka masa tafi a gadon baya, ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba.

“Kai malam, duƙa! Ka tare mini ɗana!”

Mutumin ya zauna da sauri, ya juyo yana sosa baya.

“Ɗanki na, Inna?”

“Ɗana na. Na hwari.”

Kafin ka ce me, magana ta bi benci-benci, ga uwar Hamidu, ga uwar magini. Aka juyo ana yi mata tafi, wata mata daga baya ta rangaɗa guɗa, mai malafa ya sayi gyaɗa ya miƙo mata da hannu biyu. Sai a lokacin Inna ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta fizgo zane ta rufe har ido, ta dunƙule wuri guda. Gwaggo ta buɗe baki ta juyo wajena don ta isar da saƙo kamar yadda ta saba, ta ga babu abin isarwa, ta rufe. Ni kuwa kuka nake yi, ƙato da ni, ina dariya ina share hanci da hannun riga. Duk abin bai wuce lokacin shan ludayin fura biyu ba, aka ɗauke hotona aka sa fim ɗin kaboyi. Inna ta ce mu tashi, Gwaggo ta ce ko za a yanka ta ba ta motsawa sai ta ga wanda ya saci dokin nan. Haka muka zauna har ƙarshe, Gwaggo na zagin ɓarawo da ƙarfi tana gaya wa mai doki inda ya ɓuya, Inna a lulluɓe tana ɓare gyaɗa a cikin zane.

Sau ɗaya ke nan. Muna fita ƙofar silima na koma “wancan”, kuma haka na zauna har ta bar duniya. Ba ta taɓa yarda an yi zancen a gabanta ba, in Gwaggo ta ɗauko shi sai ta tashi ta ba da wuri. Zamana a birni kuma ba kyauta na same shi ba. Gona ta koma hannun Sani da 'ya'yansa, kuma hakkinsu ne, yau ba ni da ko taki guda a garin da aka binne cibiyata. Ranar da Inna ta rasu ina kan wani gini a Gazawa, sai da aka rufe ta na isa, wannan kuwa bai daina yi mini ciwo ba. Amma a lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani shi ne ta ce in ɗaure kaya, kuma ba ta janye ba.

Da asuba na ɗaure su. Na bar cokalin gini wurin mai gidan haya ya mayar wa Kojo, don ba zan iya kallon idonsa ba. Muka isa tasha rana na fitowa, muka sami motar da ta sauke gyaɗa za ta koma yamma. Na tura Gwaggo ta hau baya tana yi wa direba faɗan tsawon mota, Inna ta hau ta zauna kan buhu ta ba ni baya. Na ɗaga ƙunshina zan jefa ciki.

“Dije, kayan wa ag ga wanga?”

“Na Hamidu mana. Ba ke kic ce shi ɗaure ba?”

“Ki ce mishi mota ta cika.”

Gwaggo ta dubi dama ta dubi hagu. Mutum huɗu ne a ciki da akuya guda.

“Abu, ga wuri nan har na shanya!”

“Ta cika, nic ce.”

Na tsaya da ƙunshi a sama, ban jefa ba, ban sauke ba. Direba ya tayar da mota, ta yi tari, ta fara gangarawa. Inna ba ta juyo ba, amma ta ɗaga murya yadda za ta fi ƙarar inji.

“Ki kuma ce mishi, in ya hau bisa shi riƙa kama icce da hannu guda. Na ga ya saki duka biyu.”

Na ji sarai, amma Gwaggo ba ta yarda a raba ta da aikinta ba. Ta miƙe tsaye a bayan mota ta riƙe ƙarfe, ta kwarara shi duk tasha na ji, har masu shayi na tambaya wane ne ya saki hannu. Na bi motar da gudu ƙunshi a ka, ina cewa na ji, Gwaggo, ki ce mata na ji, har suka sha kwana.

Na koma na karɓo cokalina kafin ya kai hannun Kojo. Na yi shekaru ina hawa gini bayan wannan, benaye da masallatai da hasumiya, abokan aiki na yi mini tsiya wai ina aiki kamar mai hannu ɗaya. Ban ƙara sakin hannu biyu a sama ba har na sauka.